Labarin Malama Betty Greene, Matuƙiyar Ƙaramin Jirgin Sama

Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san abin da ake kira nisa. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda akan ɗauki mace mai naƙuda bisa gadon kara da tsakiyar damina, maza huɗu suna karɓa-karɓa, a iso rafi a tarar ya kawo, a zauna jiran ruwa ya janye. Waɗansu sun kai asibitin Wusasa da rai, waɗansu kuwa a hanya aka juyo da su. A shekarun nan ma, ko da yake akwai kwalta da motoci, mun ga lokatan da mutum ba shi da ƙarfin halin fita da majinyaci da dare saboda 'yan bindiga. Domin wannan muka ga ya kamata a watan nan mu kawo muku labarin wata baiwar Allah wadda ta ba da ƙuruciyarta ga aikin rage wa mutane nisa, har ta yi wajen shekara biyu tana shawagi a sararin ƙasarmu.

An haifi Elizabeth Greene, wadda aka fi sani da Betty, ran 24 ga Yuni 1920 a birnin Seattle cikin Amurka. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta namiji. Tana da shekara 5 sa'anda jiragen sama na fari suka sauka a Kano, cikin Nuwamba 1925, tana da 6 kuma sa'anda Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai. Tun daga lokacin zuciyarta ta tafi sama. Da ta cika shekara 16 aka yi mata kyautar kuɗi, maimakon ta sayi tufafi sai ta kai su wurin mai koyar da tuƙin jirgi, ta yi ta koyo har suka ƙare.

Iyayenta masu bi ne, suka so ta zama mai jiyya. Ta shiga jami'a ta fara, amma aikin bai kwanta mata a rai ba, ta bari. Ana nan sai wata tsohuwa mai bi ta tambaye ta abin da ta fi so a duniya. Betty ta ambaci abu biyu, tuƙin jirgi da aikin Ubangiji. Tsohuwar ta nuna mata cewa ba lalle ne ta zaɓi ɗaya ta yar da ɗaya ba, gama akwai masu bishara a wuraren da ba hanya, suna bukatar mai kai su. Mukan yi tunanin tsohuwar nan. Ba a rubuta littafi a kanta ba, amma da ta tsawata wa yarinyar, kamar yadda da yawa cikinmu za mu yi idan 'yarmu ta zo da irin wannan magana, da labarin nan bai samu ba.

Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, ta shiga ƙungiyar matan da ke tuƙa jiragen soja a cikin gida domin maza su tafi bakin dāga. Mata fiye da 1,000 suka gama wannan horo, 38 suka rasa rayukansu a bakin aiki. Aka tura Betty wani sansani mai suna Camp Davis, inda aikinsu shi ne su ja wani dogon ƙyalle a bayan jirgi, sojan ƙasa suna koyon harbi a kansa da harsashi na gaske. Jiragen wurin tsofaffi ne, kayan gyara sun yi ƙaranci, mata biyu kuwa sun mutu a nan cikin shekarar. Daga baya aka mai da ita wurin gwajin tashi can ƙololuwa, inda iska ba ta isa numfashi sai da bututu.

Tana cikin soja ta rubuta 'yar maƙala a wata mujallar Kirista a kan yadda jirgin sama zai taimaki masu bishara. Wani matuƙin sojan ruwa, Jim Truxton, ya karanta, ya rubuto mata cewa su ma suna da wannan nufi. Yaƙi ya riƙe mazan, saboda haka ita ce ta buɗe ɗan ofishinsu a Los Angeles. Cikin 1945 aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Mission Aviation Fellowship, ko MAF a taƙaice.

Suka tara kuɗi suka sayi jirgi ɗaya tak, a kan dala 5,000. Ja ne, ƙirar Waco ta 1933, mai fukafukai biyu sama da ƙasa da wurin zaman mutum huɗu. Ran 23 ga Fabrairu 1946 Betty ta tashi da shi daga Kalifoniya, da mata biyu masu aiki tare da masu juya Littafi Mai Tsarki, ta nufi ƙasar Meziko. Murna ba ta daɗe ba. Bayan 'yan makonni, wani sabon matuƙi yana saukowa da shi a wani ɗan fili, sai fiffike ya bugi wata bukka a gefen filin. Ba wanda ya mutu, amma jirgin ya ragargaje, duk dukiyar ƙungiyar ke nan a kwance cikin ciyawa.

A nan ne suka koyi cewa sayen jirgi shi ne mafi sauƙi cikin al'amarin. Fukafukan irin wannan jirgi da katako ake yinsu, a ja yadi a kai, a shafe da wani irin fenti har ya ɗaure kamar fatar ganga. Aka aiko wani saurayi makaniki, Nate Saint, ya yi watanni yana sassaƙa haƙarƙarin fiffike ɗaya ɗaya tare da wani kafinta na ƙasar, har jirgin ya sake tashi. Shi ne wanda aka kashe a ƙasar Ekwado cikin Janairu 1956 tare da abokansa huɗu. Tun daga wahalar nan ƙungiyar ta fi son matuƙin da ya iya gyara da hannunsa, ta kuma koma ga jirage marasa nauyi waɗanda ɗan gajeren fili ya ishe su.

Betty kuwa ta wuce ƙasar Peru, inda aka samo wani tsohon jirgin soja mai sauka bisa ruwa da tudu. Wani babban hafsa ya ce mace ba za ta iya da shi ba. Cikin Disamba 1946 ta ƙetare duwatsun Andes da shi, ita ce mace ta fari da ta yi haka.

A farkon shekarun 1950 aka ba da ita aro ga Mishan ta SIM a Nijeriya, wadda ke da nata ƙananan jirage a Jos. Tashoshin Mishan a warwatse suke, daga ƙasar Yarbawa har bakin hamada, da asibitocin kutare kamar na Babbar Ruga kusa da Katsina da na Yadakunya kusa da Kano. Daga Jos zuwa wajen Funtuwa mil 150 ne da 'yan kai idan an miƙe ta sama. Ƙaramin jirgi yakan ci wannan cikin sa'a ɗaya da rabi, tafiyar da takan cinye wa mota yini guda a hanyoyin wancan zamani, in ma gada ba ta karye ba.

Bari mu ɗan tsaya mu duba yinin mai irin wannan aiki, gama mutane suna tsammani zama ne kawai a kujera. Tun da asuba yakan zaga jirgin yana taɓa kowane abu, taya da farfela da wayoyin da ke juya wutsiya. Sai ya tsiyayi fetur kaɗan daga gindin tanki cikin kwalba ya ɗaga ya duba, domin ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a ƙasa, cokali kaɗan kuwa ya isa ya kashe inji a sama. Idan daga garwa za a zuba man, sai an tace shi ta cikin fata mai laushi. Sa'an nan a auna kome bisa sikeli, fasinja da akwatinsa da buhun wasiƙu. Ba rowa ba ce idan ya ce a bar ƙunshi ɗaya. Iska mai zafi ba ta da kauri, ta kan tudu ma haka, Jos kuwa tana bisa ƙafa 4,000, saboda haka jirgin da ya tashi da sauƙi da sanyin safiya yana iya cinye fili duka da azahar bai rabu da ƙasa ba. Kowace sa'a da inji ya yi yana aiki sai an rubuta ta a littafi. In sun cika 100, a buɗe shi a bincika ko da lafiyarsa ƙalau.

Ga kuma sararin ƙasarmu da halinsa. Da damina hadari yakan taso da yamma kamar dutse, ƙaramin jirgi ba ya shiga cikinsa, sai dai ya kewaye ko ya koma. Da hunturu kuwa ƙura takan rufe ƙasa har matuƙi ba ya ganin abin da ke gabansa, ga shi a lokacin ba na'urar da ke nuna wa mutum inda yake kamar yadda wayar hannu ke yi yau. Abin da ke hannunsa taswira ce da agogo da allurar nuna arewa. Sai ya sauko ƙasa ƙasa ya bi kogi, ko ya kama hanyar jirgin ƙasa, irin wadda ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙaura Namoda. In ya iso kuma, sai ya zaga filin ya tabbata ba shanu, ba sabuwar suri da gara ta gina cikin mako.

Gaskiya ita ce yawancin waɗanda jiragen nan suka ɗauka Turawan Mishan ne da 'ya'yansu da kayansu, ba kakanninmu ba. Akwai kuma waɗanda suka ce kuɗin jirgi ɗaya ya isa albashin masu bishara da yawa, maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Amma likitan da aka sauke da maganin da aka kawo, mu suka yi wa aiki. Filayen ma da fartanya da gatarin mutanen ƙauye aka share su, su ne kuma masu korar awaki in an ji ƙugin inji.

Cikin 1956, shekarar da Sudan ta sami mulkin kai, aka aike ta Malakal a bakin Farin Nilu. Dokar ƙasar ba ta san mace matuƙiya ba, sai da magana ta kai majalisa kafin a ba ta izini. Cikin 1960 ta tafi tsibirin Niyu Gini, inda ake sassaƙa filayen sauka a jikin dutse, a sauka ana hawa, a tashi ana gangarowa. A can ta yi tafiyar kwanaki da ƙafa cikin duwatsu domin ta ga wani sabon fili da idonta kafin ta yarda ta sa taya a kansa.

Cikin 1962 ta bar tuƙi a ƙasashen waje, bayan shekara 16 da aiki a ƙasashe 12 da sa'o'i fiye da 4,000 a sama. Ta koma ofishin ƙungiyar tana neman sababbin ma'aikata, tana tara masu addu'a. Ba ta yi aure ba. Da tsufa ya zo ciwon mantuwa ya kama ta, ta rasu ran 10 ga Afrilu 1997 a Medina kusa da Seattle, inda ta yi girma, tana da shekara 76. Cikin 2009 majalisar Amurka ta yanke a ba matan nan da suka tuƙa jiragen soja lambar girma ta zinariya, shekara 12 bayan rasuwarta.