Francis Galton, Baturen Da Ya Auna Kintacen Jama'a

Duk wanda ya taso a Potiskum ya san gwanintar dillalan kara. Su dubi sa sau ɗaya, su faɗi naman da zai yi, tun ba a loda shi zuwa Ikko ko Badun ba. To, irin wannan kintace ne wani Bature ya taɓa zama ya auna.

An haifi Francis Galton a Birmingham ta Ingila cikin 1822. Ɗan masu hali ne, kakansu ɗaya da Charles Darwin. Ya soma koyon aikin likita, amma da mahaifinsa ya rasu a 1844 ya bar masa dukiya, sai ya watsar, ya shiga yawon duniya. Ya je Masar da Sudan, daga baya ya ratsa ƙasar da yanzu ake kira Namibiya. Mutum ne mai son ƙirga kome da kome, har zanen yatsa ya yi wa littafi a 1892.

A 1906, yana da shekara 84, ya halarci bikin nunin dabbobi a Plymouth. Aka kawo wani ƙosasshen sa, kowa ya biya sisi ya rubuta nauyin da yake zaton naman zai yi bayan fiɗa. Galton ya karɓi takardun, 787 masu karantuwa, ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya zaro na tsakiya: laba 1,207. Da aka ɗora naman a sikeli, sai ga laba 1,198. Watau kuskuren bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Har wa yau masu koya wa kwamfuta hasashe ba su raina na tsakiya. Kafin su amince da sabuwar dabara, sukan sa na'urar ta riƙa ba da amsa ɗaya tak, watau matsakaicin abin da aka auna a baya. Dabarar da ba ta fi wannan dacewa ba, komin tsadarta, sai a jingine ta.

Sai dai Galton na da mummunan tabo. Ya raina baƙar fata ƙwarai, har a 1873 ya rubuta wa jarida cewa a kawo Sinawa su maye gurbin mutanen Afirka. Shi ne kuma ya yayata aƙidar zaɓen iri cikin 'yan Adam, kamar yadda ake wa shanu. Ya mutu a 1911 bai bar ɗa ba. A 2020 jami'ar UCL ta Landan ta cire sunansa daga wani zaurenta.