Aleijadinho: Ɗan baiwa da ya ƙawata majami'un Brazil

Duk wanda ya haura matakalar majami'ar Bom Jesus de Matosinhos da ke garin Congonhas a Brazil, zai fara cin karo da mutum-mutumi 12 na annabawan Tsohon Alkawari. Ga na Daniyel da zaki a ƙafafunsa, ga kuma na Yunusa da kifinsa.

Mutumin da ya sassaƙa su daga dutse, tsakanin 1800 da 1805, ya yi aikin ne bayan cuta ta cinye masa yatsu.

An haifi Antônio Francisco Lisboa a cikin shekarun 1730 a Vila Rica, garin masu haƙar zinariya da yanzu ake kira Ouro Preto. Mahaifinsa, Manuel Francisco Lisboa, magini ne ɗan ƙasar Fotugal, mahaifiyarsa Isabel kuwa baiwa ce 'yar asalin Afirka. A zamanin ne jiragen ruwa ke jigilar bayi zuwa Brazil daga tashoshi irin su Ouidah, a Jamhuriyar Benin ta yanzu.

Ya tashi a cikin sana'ar mahaifinsa, ya kuma ƙware a salon barok, wanda ke cika majami'u da sassaƙa da adon zinariya. Majami'ar São Francisco de Assis ta Ouro Preto tana cikin fitattun wuraren da ya yi aiki.

A wajajen 1777 rashin lafiya ta kama shi, ta naƙasa masa hannuwa da ƙafafu. Daga nan ya samo laƙabin Aleijadinho, wato ɗan naƙasasshe. Rodrigo Bretas, wanda ya rubuta tarihinsa a 1858, ya bayyana cewa bayinsa ne ke ɗaura masa guduma da kurfi a hannu. Abin lura shi ne, ɗan baiwa shi ma ya mallaki bayi.

A wannan hali ne shi da mataimakansa suka sassaƙa mutum-mutumin katako fiye da 60, masu nuna wahalhalun Yesu Almasihu bisa aƙidar Kirista, kafin ya koma kan annabawan. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihi na duniya a 1985.

Ya mutu cikin talauci ranar 18 ga Nuwamban 1814, aka binne shi a majami'ar unguwar Antônio Dias a Ouro Preto, wadda mahaifinsa ya gina.