Sewall Wright: Ɗan auren zumunci da ya auna kusancin jini da lissafi

An haifi Sewall Wright ranar 21 ga Disamba, 1889, a garin Melrose na jihar Massachusetts a Amurka. Iyayensa auren zumunci suka yi, domin sun haɗa kakanni, kuma a kan batun kusancin jini ne ya yi fice a duniya.

Bayan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1915, ya kama aiki da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, inda aka danƙa masa zuriyoyin ɓeran Masar da aka daɗe ana haɗa wa da ƙanwa a cikinsu. Ya lura cewa haihuwarsu na raguwa, 'ya'yansu na tsumburewa, amma da zarar an haɗa zuriyoyi biyu mabambanta, sai ƙarfin ya dawo.

A 1922 ya fito da ma'aunin da ake kira F, wanda ke tashi daga sifili zuwa ɗaya. Ma'aunin yana nuna yiwuwar a ce ƙwayar gadon da aka samu daga uba da wadda aka samu daga uwa duk sun gangaro daga kaka ɗaya. Ga ɗan taubasai, adadin kashi 6.25 ne cikin 100; ga dabbar da wa da ƙanwa suka haifa, kashi 25.

A 1951, yana Jami'ar Chicago, ya faɗaɗa lissafin ya shafi al'umma baki ɗaya. Inda babu rubutacciyar salsala, masana kan ƙirga masu ɗauke da ƙwayoyi iri biyu, su gwada da adadin da ake sa rai in da ba a auren dangi. Giɓin da ke tsakani shi ke nuna kusancin.

Lissafin yana da amfani ga Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar sikila. Auren dangi ba ya ƙirƙirar cuta, sai dai yana ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyi biyu masu lahani. Wannan ne ya sa likitoci ke jaddada gwajin jini kafin aure, makiyaya kuma ke sauya bijimi a garke.

Wright ya rasu ranar 3 ga Maris, 1988, a birnin Madison, yana da shekara 98, bayan santsin ƙanƙara ya kayar da shi.