Emmy Noether: Malamar da ake sanar da darasinta da sunan wani

A watan Afrilun 1933 gwamnatin Nazi ta kori Emmy Noether daga Jami'ar Gottingen da ke Jamus, saboda ita Bayahudiya ce. Sai ta mayar da ajin gidanta, ɗalibai suka ci gaba da zuwa.

Ba ranar aka fara rufe mata ƙofa ba. An haife ta a Erlangen ranar 23 ga Maris, 1882, mahaifinta Max Noether masanin lissafi ne. Da farko sauraro kawai aka yarje mata a jami'a, don ita mace ce. Ta samu digirin dakta a 1907, ta shekara bakwai tana aiki ba albashi. David Hilbert da Felix Klein suka gayyato ta Gottingen a 1915, amma wasu shehunan malamai suka ce atafau mace ba za ta koyar ba. Har zuwa 1919 da sunan Hilbert ake sanar da darussanta.

A wannan hali ta wallafa ƙa'idarta ta 1918. Dutsen da aka jefa a Lolo, ƙaramar hukumar Bagudo, da wanda aka jefa a tsallaken iyaka cikin Jamhuriyar Benin, doka ɗaya suke bi, ko jiya ko yau. Noether ta tabbatar da cewa kowane irin wannan daidaito yana tafe da wani abu da ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa: daidaiton lokaci ke adana makamashi, na wuri kuma ƙarfin motsi.

Darajar aikin ta ƙara fitowa bayan 1974, lokacin da Kenneth Wilson ya yanka sarari da lokaci gida-gida kamar dara, domin lissafa ƙarfin da ke ɗaure ƙwayoyin kwak. Yankan yana karya daidaiton, tunda ba a matsawa sai daga gida zuwa gida. Dole masana su riƙa gyara ma'auninsu suna ƙanƙanta gidajen har daidaiton ya dawo, kuma abin da ƙa'idarta ta ce a adana shi ne suke dubawa.

Bayan korar ta koma Kwalejin Bryn Mawr a Amurka. Ta mutu ranar 14 ga Afrilu, 1935, kwanaki kaɗan bayan tiyata, tana da shekara 53. Gottingen ba ta taɓa ba ta cikakkiyar kujerar farfesa ba.