Alexander Fleming, Ɗan Manomin da Ya Gano Fenisilin

Da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba a taɓa yi wa wani allurar fenisilin ba. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mutumin da ya gano wannan magani, balle gargaɗin da ya bar mana game da shi. Shi ya sa a bana muka ga ya kamata mu kawo taƙaitaccen tarihinsa.

An haifi Alexander Fleming ran 6 ga Agusta, 1881, a wata gona mai suna Lochfield a ƙasar Sikotlan. Mahaifinsa manomi ne, ya kuma rasu Alexander yana ɗan shekara 7. Da ya ɗan tasa sai ya koma Landan wurin wansa, wanda likita ne. Ya yi shekara 4 yana aikin akawu a wani ofishin jiragen ruwa, sa'an nan wani ɗan gado da ya samu ya ba shi halin shiga makarantar likitanci ta asibitin St. Mary's. Ya gama a 1906 da sakamako mai kyau ƙwarai.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin likitan soja a Faransa. A can ya ga yadda sojoji ke mutuwa saboda ruɓewar rauni, ya kuma lura cewa magungunan wanke ciwo na zamanin sukan ƙara ɓarna idan raunin mai zurfi ne. Tun daga nan ya ƙudura neman abin da zai kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya cuci mai jinya ba.

A watan Satumba na 1928 ya dawo daga hutu, ya tarar fumfuna ta tsiro a ɗaya daga cikin faranten da yake renon ƙwayoyin cuta a ciki. Wani da sai ya wanke farantin kawai. Shi kuwa ya duba da kyau, ya ga ƙwayoyin da ke kewaye da fumfunar duk sun mutu. Ya raɗa wa abin da fumfunar ke fitarwa suna fenisilin, ya buga rahotonsa a 1929.

To, amma Fleming bai iya tace maganin da yawa ba. Sai bayan shekara 10 Howard Florey, mutumin Ostireliya, da Ernst Chain, Bayahuden da ya gudo daga Jamus, suka ɗauki aikin a jami'ar Oxford. A 1941 aka gwada shi a kan wani ɗan sanda, ya fara samun sauƙi, amma maganin ya ƙare, ya rasu. A shekarar ce Florey ya tafi Amurka neman taimako, masana'antun can suka shiga yin sa da yawa. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1945 aka ba su ukun kyautar Nobel tare.

A jawabinsa na karɓar kyautar, Fleming ya yi gargaɗi cewa idan aka sha maganin ƙasa da ƙima, ƙwayoyin cutar ba za su mutu duka ba, waɗanda suka tsira kuma za su zama masu taurin kai. Ya rasu ran 11 ga Maris, 1955, aka yi masa makwanci a majami'ar St. Paul da ke Landan.

Abin baƙin ciki, a gonaki irin wadda ya tashi a ciki aka fi yin watsi da gargaɗin nan. Wajen 1950 aka gano cewa ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin abincin kaji da aladu yana sa su saurin girma, sai manoma suka rungumi dabarar. Ƙwayoyin da suka saba da maganin kuwa ba sa tsayawa a garke. Suna bin kashin dabba zuwa gona da rafi, suna bin nama da madara zuwa cikin mutane, ba ruwansu da iyakar ƙasa. Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019.

Swidin ta hana ba dabbobi maganin don ƙiba a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shirin yaƙi da matsalar, a 2022 kuma hukumomin duniya huɗu masu kula da lafiyar mutane, da ta dabbobi, da abinci da noma, da muhalli suka haɗa kai a kanta. Yadda ƙasashe suka taru kafin maganin ya samu, haka sai sun taru za a iya kiyaye shi.

Mu ma muna da namu rabon. Mun sha ganin ana buɗe kafso a zuba cikin ruwan kaji, ko a sayi allura a kasuwa a yi wa saniya ba shawarar likitan dabbobi. Mu daina. Mu tsabtace akurki da garke, mu yi wa dabbobi rigakafi, mu kuma sha namu maganin yadda likita ya ce. Allah ya sa Adamu a gona don ya kula da ita, wannan magani ma amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.