Sista Kenny, Matar da Ta Kwance Ƙafafun Yara

'Yan'uwana mata, da wuya a sami wadda ba ta taɓa ganin wanda shan-inna ya taɓa ba: ƙafa ta tsotse, gwiwa ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa, dunduniya ba ta taɓa ƙasa. To, yau ga labarin wata mace wadda ta ƙare rayuwarta wajen hana gaɓoɓin irin waɗannan yara ƙagewa. Sunanta Elizabeth Kenny, amma duniya ta fi saninta da Sista Kenny.

An haife ta ran 20 ga Satumba 1880 a Warialda, wani ɗan gari a ƙasar Ostireliya. Ubanta manomi ne, kuma ba ta yi karatu mai zurfi ba. Tana budurwa, bayan iyayenta sun koma ƙauyen Nobby a jihar Queensland, sai ta faɗo daga kan doki ta karye a wuyan hannu. Aka kai ta Toowoomba wurin Likita Aeneas McDonnell. Tana zaman jinya ta ƙyalla ido ta ga littattafansa masu zanen ƙasusuwa da tsokar jikin mutum. Ya ara mata, ta duƙufa a kansu har ta san kowace tsoka da aikinta. Ke 'yar makaranta, ki lura da wannan: littafin aro ne mafarin sunan da ta yi.

Daga nan ta shiga aikin jinya a ƙauyukan daji, ba tare da takardar shaidar nas ba. A kan doki take zuwa duk gidan da aka kira ta. Yadda ita kanta ta ba da labari, wajen 1911 ne aka kira ta ga wata ƙaramar yarinya tana kukan ciwo, ƙafafunta sun murɗe. Ta buga wa McDonnell waya. Ya amsa cewa shan-inna ne, ba a san maganinsa ba, ta yi iyakar ƙoƙarinta bisa abin da ta gani. Sai ta yayyanka bargon ulu, ta tsoma a ruwan zafi, ta matse, ta naɗe ƙafafun. Zafin ciwo ya lafa, yarinya ta sami barci. Da tsokar ta saki, ta soma motsa mata ƙafar a hankali.

Ashe abin da ta yi ya saɓa wa koyarwar likitocin zamanin. Su a ganinsu, idan wata tsoka ta shanye, mai lafiyar da ke ɗaya gefen ita ke jan gaɓar ta karkace. Saboda haka sai su ɗaure ƙafa da filasta ko ƙarfe, yaro ya kwanta wata da watanni ko motsi ba ya yi. In an kwance, sai a tarar kwatangwalo da gwiwa da idon sawu sun sandare, tsokar da ta rage da ɗan ƙarfi ita ma ta rame. Ita kuwa Kenny cewa ta yi tsokar ɗaurewa take yi saboda ciwo, a gasa ta ta saki, a motsa gaɓar kullum, sa'an nan a sake koya wa yaro aiki da ita. Takan ɗora yatsa a kan tsokar, ta gaya wa yaro sunanta, ta sa ya tara hankalinsa a wurin har ya ji ya motsa ta da kansa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aikin jinya a jiragen ruwan soja masu kai da komowa tsakanin Ingila da Ostireliya. Can ta sami muƙamin Sista a 1917, wato babbar nas ta soja. Zuwa 1934 tana da ɗakin jinyar 'yan shan-inna a Townsville, iyaye suna ta tururuwa da 'ya'yansu. Amma a 1938 kwamitin likitoci da gwamnatin Queensland ta naɗa ya soki hanyarta, ya ce barin ɗauri babban kuskure ne. Ba ta karaya ba. A 1940, tana gab da shekara sittin, ta shiga jirgi sai Amurka. A birnin Minneapolis wasu likitoci, irin su Miland Knapp da John Pohl, suka ba ta marasa lafiya suka zuba ido. Abin da suka gani ya gamsar da su, yara ba sa ƙagewa kamar da. A 1942 aka buɗe cibiya mai sunanta a birnin, a 1946 aka yi sinima a kan rayuwarta, a 1951 kuma da aka tambayi Amurkawa macen da suka fi yabawa, ita ta zo ta ɗaya.

To, uwargida, kada ki ɗauka kome nata daidai ne. Mace ce mai kaifin harshe, ba ta son gyara. Ta nace cewa asalin cutar a tsoka yake. Bincike kuwa ya tabbatar ƙwayar cutar jijiyoyin laka take kashewa, waɗanda ke ba tsoka umurnin motsi, kuma jijiyar da ta mutu ruwan zafi ba ya tashinta. Ban da haka, yara da yawa sukan sami sauƙi da kansu cikin watannin farko, ko an gasa ko ba a gasa ba. Hanyar rarrabewa ita ce a raba marasa lafiya kashi biyu, a yi wa waɗannan nata, a yi wa waɗancan wani, a gwada. Ita kuwa ta ƙi yarda da haka, don a ganinta zalunci ne a hana yaro abin da ta tabbata zai amfane shi. A 1944 wani kwamitin likitocin ƙashi na Amurka ya ce yawan warkewar da take faɗa ya wuce kima.

Sai aka yi tankaɗe da rairaya, aka zubar da bayaninta, aka riƙe aikin hannunta. Masu gashin ƙashi na asibitocin yau ba su dogara da sunan kowa ba, sai abin da gwaji ya nuna, kuma gwaje-gwajen sun ba ta gaskiya a kan motsi. Mai targaɗe a idon sawu ya fi saurin komawa aiki in an naɗa masa bandeji ya soma takawa da wuri, bisa ga a ɗaure shi da filasta makonni. Dattijuwa mai ciwon gwiwa na tsufa, abin da ake fara sa ta shi ne motsa jiki don ƙarfafa tsokar cinya, da rage ƙiba in tana da ita. Wanda aka yi wa aikin sauya ƙashin kwatangwalo ko gwiwa, a ranar ko kashegari ake tayar da shi tsaye. Duk da haka filasta na da ranarta. Karaya tana bukatarta, haka ma jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, da filasta ake miƙe masa ita sannu sannu. Kuma ba kowane ciwo ake gasawa ba, sabon targaɗe mai kumburi ba ya son zafi, fatar yaro kuwa ba ta da wuyar ƙonewa.

Sista Kenny ba ta yi aure ba, sai 'yar riƙo guda da ta rena. Ciwon karkarwa ya kama ta a ƙarshen rayuwarta, ta koma gida ta rasu a Toowoomba ran 30 ga Nuwamba 1952, aka binne ta a Nobby. Ba ta ga rigakafin shan-inna ba, don sai a 1955 aka tabbatar da allurar Likita Jonas Salk. Albarkacin rigakafi ne a 2020 aka ba da sanarwar cewa ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta ta ƙare a Nijeriya da Afirka baki ɗaya, ko da yake ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin don kada a koma gidan jiya.

Saboda haka, uwargida, ki tabbata an ɗiga wa 'ya'yanki. In kin ga ƙafar yaro ta saki farat ɗaya, ki garzaya da shi asibiti a ranar. In kuma ma'aikacin gashi ya koya miki yadda za ki riƙa motsa gwiwar ɗanki ko ta tsohuwarki a gida, ki yi kullum kada ki gaji, ko da sauƙin bai zo da wuri ba.