Gani Odutokun (1946–1995): Mai Zanen Samaru

An haifi Gani Odutokun a ranar 9 ga watan Agusta, 1946, a garin Nsawam na ƙasar Gana, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin garin Offa da ke cikin Jihar Kwara ta yanzu, kuma fataucin koko ne ya zaunar da mahaifinsa a can. Ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Asante, daga baya iyalin suka koma birnin Accra na bakin teku, wanda Hausawa fatake suke kira Ankara. Bayan ya kammala sakandare ya yi aikin akawu na ɗan lokaci a wani kamfani a Nijeriya. Abokansa da suka lura da baiwar da ke hannunsa su ne suka matsa masa ya koma karatu, don haka sai da ya kai shekara 26 kafin ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1972.

Sashen da ya shiga yana da tarihi tun kafin a kafa jami'ar a 1962. A nan ne, a 1958, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Abin da suka ƙi amincewa da shi shi ne a koya wa ɗan Afirka zane kamar ba shi da gida. Manufarsu ita ce a karɓi dabarun da Bature ya zo da su, a yi aiki da su wajen bayyana rayuwar da mutum ya tashi a cikinta. Grillo, alal misali, ya koma Legas ya duƙufa kan zanen mata da makaɗan unguwannin tsibirin da aka haife shi, galibi da launin shuɗi. Wannan turba ce Gani ya tarar. Ya sami digiri na farko a 1975, aka ɗauke shi koyarwa a sashen a 1976, sannan ya sami digiri na biyu a 1979.

Duk da cewa a kusa da teku ya girma, ƙasar Zazzau ce ta ba shi abin zanawa. Ya zana hawan daba, da mahaya da dawakai cikin ado da ƙura. Ya kuma zana lungunan Samaru, wato unguwar da ke fuskantar ƙofar jami'a, inda ɗalibai da ƙananan ma'aikata da 'yan tireda suke zaune cikin cunkoso. Irin wannan wuri mutum yakan ratsa shi kullum ba tare da ya ɗaga kai ba, domin a ganinsa babu abin kallo a bayan gida da kwata da rufin kwano mai tsatsa. Gani ya tsaya ya duba, ya ga launi da fasali a wurin. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka bar zanen shanu a jikin dutse. Su ma abin da idonsu yake gani kullum suka zana.

Dabarar da aka fi saninsa da ita ita ce ta tsarma fenti. Yakan sirka fentin mai har ya yi ruwa-ruwa, ya kwarara shi a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya malala, launi ya shiga launi, sa'annan ya bi da buroshi ya fito da surar da yake nufi daga cikin abin da ya malala. Aiki ne mai wuyar sarrafawa, domin ruwa ba ya jiran umurni, kuma kuskure kaɗan yakan mayar da zane dagwalo. Wannan salo ya bazu a tsakanin masu zanen Zariya da suka biyo bayansa.

Bai tsaya ga unguwa da biki ba. Mafi yawan shekarun koyarwarsa sun faɗo ne a zamanin mulkin soja, kuma yana da zane-zane da ya yi wa masu mulki zambo a cikinsu, kamar wanda ya nuna sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Akwai kuma zanen da ya haɗa Mona Lisa, wato shahararren hoton nan na Leonardo da Vinci ɗan ƙasar Italiya, da wani sassaƙe na Afirka, kowannensu yana aikin fito da surar ɗan'uwansa. Tambayar da ke cikin zanen ita ce wadda ɗaliban 1958 suka yi: tsakanin Turai da Afirka, wa ya koya daga wa?

Shi da abokan aikinsa, irin su Jerry Buhari da Jacob Jari, sun kafa ƙungiya mai suna The Eye, wato ido, wadda ta riƙa fitar da mujalla a farkon shekarun 1990. Buƙatar hakan a fili take. Manyan ɗakunan baje kolin zane da masu saye da 'yan jaridar da suke sharhi a kai duk a Legas suka taru, saboda haka mai zanen da ke Arewa dole ne ya rubuta game da aikinsa da kansa, ko kuwa ya ɗauki kayansa ya bi doguwar hanya zuwa bakin teku.

A kan wannan hanya ce ajali ya same shi. A watan Fabrairu na 1995 ya je Legas domin baje kolin zane a Cibiyar Goethe, wato cibiyar yaɗa al'adun Jamus. A kan hanyarsu ta komawa Zariya suka yi haɗarin mota a ranar 15 ga watan, ya rasu tare da wasu abokan tafiyarsa masu zane. Yana da shekara 48, bayan ya shafe kusan shekara 19 yana koyarwa a sashen da ya yi karatu.